Baƙon da Ya Sauka a Gindin Uwar Igiya

Jiya da yamma ina jin ku a bakin rijiya kuna dariya, wai sana'ar Iya Tabawa ihu ce, wai ko akuya aka ɗora a kan rumfa za ta iya korar tsuntsu. Na ji sarai, ban kurumce ba tukuna. To ke Hadiza, tunda ke ce mai biro, zauna ki rubuta, kuma ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Idan kin gama ki karanta wa sauran, har da wancan mai dogon wuyan da ya kawo zancen akuya.

Gonar farko da na tsare ta gero ce, a bayan Balan. Gwaggo Delu, ƙanwar babana, ita ta ɗauke ni. Tun da mijinta ya rasu ta kama wannan aiki, domin mu gidanmu ba a kulle, mace na fita neman abin kanta. Mutane kan tura yara gona su yi ta ihu, amma mai gonar kirki, wanda yake son ya ga hatsinsa a rumbu, Gwaggo Delu yake nema. Ita kaɗai takan riƙe filin da yara cikin gida guda ba za su riƙe ba. Ranar farko ta ɗora ni a kan rumfa, ta koma gindin tsamiya ta zauna tana kaɗi, ba ta ce mini komai ba. Ni kuwa na buɗe maƙogwaro. Kurciya ta wuce, na yi ihu. Ganye ya motsa, na yi ihu. Kafin hantsi muryata ta dishe, janbaki kuma suna zaune a kan zangarniya suna ci a gabana kamar an gayyace su suna.

Ta taso ta tsaya a ƙarƙashina ta ce, “Kin gama?”

Na gyaɗa kai, don magana ba ta fita.

Ta ce, “Sun haddace muryarki tun da sassafe. Yanzu ke da kukan jaki ɗaya kuke a wurinsu. Sauko ki sha ruwa, gobe ki hau ki yi shiru.”

Abin da na fara koya ke nan a sana'ar da kuke cewa ta ihu ce: shiru. Janbaki ba ya zuwa ɗaya ɗaya, garke yake zuwa, baƙi wuluk kamar hayaƙin ƙona daji. Idan kika tsorata su suna sama, sai su kewaya su dawo ta bayanki. Idan kika bari suka ɗanɗana, to ko ganga kika kawo ba za su bar gonar ba. Akwai wani ɗan lokaci a tsakani, sa'ad da garken ya sunkuyo, na gaba suka sako ƙafafunsu za su kama kara. A nan ake ja. Na yi damina da kaka ba ɗaya ba kafin hannuna ya san wurin nan ba tare da ya yi shawara da kaina ba.

Ɗaurin gona kuwa aikin yini ne cur. Za ki kafa rumfa a kan gwafanni, tsawonta ya wuce kan hatsi, inda za ki ga kowace kusurwa. Daga ƙafar rumfa igiyoyi ke fita kamar saƙar gizo, kowace ta nufi nata gefen, a ɗora ta a kan 'yan sanduna don kada ta kwanta. Igiyar rama muke tufkawa da hannunmu, ta kaba ba ta jure raɓa. A jikin igiya ake rataya abin ƙara. Zamanin Gwaggo Delu ƙoƙuna ne da bawon katantanwa. Zamanina gwangwanaye suka shigo, nakan bi masu shayi a kasuwar Gaya in tattaro na madara, in zuba tsakuwa a ciki, in matse baki. Kowace igiya da muryarta, kuma ana sauya musu wuri kafin tsuntsu ya saba. Ga majajjawa a gefe da curin laka a ƙwarya. Laka, ba dutse ba. Dutse yana zama a gona, baɗi ya karya wa mai gona fartanya, ya zage ki har da kakanninki.

Sai uwar igiya. Ita ce mafi kauri, ita ce mafi tsawo, tana tafiya har ƙarshen gona ta wajen da ya fi nisa da ke, inda majajjawa ba ta kaiwa. A bakinta ake rataya tsohuwar garwar kananzir da guntun ƙarfe a ciki. Ba a taɓa ta don kurciya, ba a taɓa ta don marai. Sai ki yi kwana da kwanaki ba ki ja ta ba, don ranar da kika ja, ta zama sabon abu a kunnen duk wani mai fiffike.

Masu gona iri iri ne. Akwai wanda ba zai kira ki ba sai tsuntsu ya ci rabi, sannan ya ce ki dawo masa da shi. Akwai wanda zai zo da nufin duba aikinki, ya kwanta a inuwar rumfarki ya yi ta minshari. Bayan na yi aure a Toranke, wanda na fi yi wa aiki shi ne Malam Sule, ɗan kawuna, abokin wasana. Yana da gonar shinkafa a fadama, ƙarshenta ya gangara har bakin wani tabki. Duk shekara idan shinkafa ta fara nono sai ya zo ƙofar gida ya ce, “A gaya wa mai baki lokacinta ya yi.” Ni kuma in aika masa cewa ya aje ladan mai baki a gefe kafin ya manta kamar bara. Bai taɓa mantawa ba, ni ma ban taɓa zubar masa da gona ba, amma dai haka muke gaisawa.

A gonarsa na fara ganin masu kallon tsuntsu, tun kafin yaƙin basasa. Wata Lahadi na hango mutum biyu suna saɗaɗawa a gefen tabki. Ɗaya na san shi, Malam Isa ne, saurayi mai koyarwa a firamare a Gaya. Ɗayan Bature ne, dogo siriri, da guntun wando, wanda ya koyar da Malam Isa a Kano ya kuma shafa masa wannan ciwo. Yana iya shiga ruwa ya tsaya cik a kan dogayen ƙafafunsa har inuwa ta juya, shi ya sa na sa masa Zalɓe, sunan kuma ya bi shi har Ajingi. Kowannensu da madubin hangen nesa rataye a wuya.

Da suka zo gaishe ni na ce, “Malam, ina bindigar?”

Ya ce, “Ba ma harbi, Iya.”

“To tarko?”

“Babu. Kallo kawai muke yi.”

“Idan kun gama kallon, me kuke kaiwa gida?”

Ya yi dariya ya juya wa Zalɓe maganar. Zalɓe yana jin Hausa, irin ta littafi, mai sitaci. Ya cire hula ya ce, “Uwargida, muna kai labari.”

Daga nan suka maida rumfata wurin yada zango, duk kaka sai sun zo. Su tambaye ni me na gani a makon nan. Ni a wurina tsuntsu kashi biyu ne: mai cin hatsi da wanda ba ruwansa da hatsi. Na farko abokin gabana ne, na biyu kuwa ko kallo bai ishe ni ba. Malam Isa yakan ce, “Iya, kin tsufa a cikin tsuntsaye, amma ba ki taɓa kallon fuskar ko ɗaya ba.” In ce masa, “Bayansu nake son gani, Malam, shi aka ɗauke ni in gani.” A wurinsu na ji cewa wai wasu tsuntsayen da ke sauka a tabkinmu da kaka daga ƙasar su Zalɓe suke zuwa, su tsallake teku da hamada. Na ce to shi me ya kawo shi nan, da bai zauna a gida ya kalle su ba? Zalɓe ya ce a can ba sa tsayawa. Na ce, ashe ko su ba sa iya sanyinku.

Abin da suke kwaɗayi ba balbela ba ce ko kirinjijiya da kowa ya sani. Baƙo suke nema, tsuntsun da ya yi ɓatan hanya, wanda iska ta jefo inda ba a san shi ba. Kuma suna da wata ƙa'ida: idan mutum ɗaya ya ce ya ga irin wannan, ba a karɓa, sai an sami na biyu, kamar ganin watan azumi. Malam Isa ya taɓa ganin wani shi kaɗai, ya je Kano da murna, aka saurare shi aka ba shi shayi, aka ce Allah ya kai mu wani lokaci. Abin ya daɗe yana cinsa.

Shekarar da aka canja kuɗi, ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai ko'ina ba. Ba zan ba ku labarin yunwar ba, ba shi na zaunar da ke ki rubuta ba. Gero ya ƙone a tsaye daga Balan har Toranke. Gidaje da yawa sun daka irin shukarsu sun ci. Tabkuna suka ƙafe, sai na ƙarshen gonar Malam Sule ya rage, shi ma ya ja da baya ya bar faffaɗan taɓo. A duk fadamar, shinkafarsa kaɗai ta fid da kai, kuma maƙwabta sun riga sun yi masa magana cewa a nan za su sami iri baɗi. Da ya zo ƙofar gida a shekarar, bai ce a kira mai baki ba. Cewa ya yi, “Tabawa, ta fara nono.” Daga jin haka na san babu wasa.

Tsuntsun ƙasar nan kaf ya taru a kanmu, don babu wani ruwa, babu wani hatsi. Ban taɓa ganin janbaki irin na shekarar ba. Suna kwana a cikin bagaruwa ta gabas da gonar, daga can suke tasowa, saboda haka na tara yawancin igiyoyina a gabas. Uwar igiya kuwa na kai ta yamma, na kafa garwarta a bakin taɓo. Ina hawa rumfa kafin rana ta fito, ba na sauka sai salla, in yi ta a gindin gwafa ido ɗaya yana sama.

Wata ranar Juma'a da la'asar sai ga Malam Isa ya yar da kekensa a kan kunya ya rugo, yana magana ƙasa ƙasa kamar an yi rasuwa.

“Iya, don girman Allah, kada ki taɓa babbar igiyar nan.”

Na ce, “Lafiya?”

Ya miƙo mini madubinsa, ya nuna mini inda zan duba. Da ƙyar na samo wurin. A kan taɓo, dab da sandar garwa, ga wani ɗan tsuntsu a zaune, launin busasshiyar laka, gajerun ƙafafu, dogon fiffike kamar na tsattsewa, maƙogwaronsa da wani baƙin zare ya kewaye shi kamar an sa masa sarƙa. Ya yi laushi, da gani ya sha tafiya.

Na ce, “Wannan ai ba ya cin shinkafa.”

Ya ce, “Ba ya ci. Irinsa biyu ne, Iya, kuma a zaune kusan kamarsu ɗaya. Idan ƙarƙashin fiffikensa ja ne, na gida ne, ana ganinsa. Idan baƙi ne, to baƙo ne daga ƙasa mai nisan gaske, ni ban san wanda ya taɓa ganinsa a nan ba. Zuciyata tana ba ni baƙon ne.”

“To jefa masa laka ya tashi ka gani mana.”

Ya dafe kai. “Idan ya tashi ya tafi, ni kaɗai na gani. Zan koma Gaya yanzu in ba direban lori saƙo zuwa Kano wurin Zalɓe. Ki bar mini shi zuwa gobe.”

Na ce, “Malam, saurara da kyau. Muddin janbaki ta gabas suke zuwa, ba ruwana da uwar igiya, baƙonka ya yi barcinsa. Amma idan suka biyo ta tabki, zan ja, ko tsuntsun Gwamna ne.”

Ya ce ya yarda. Mai neman alfarma da me ba zai yarda ba?

Washegari garken safe ya zo ta gabas kamar kullum, na kore shi da ƙananan igiyoyi. Baƙo yana nan inda yake. Wajen hantsi Zalɓe ya iso a motarsa mai kama da akwati. Don kada ƙarar inji ta tashi tsuntsun, sai ya kai ta can nesa da tabki ya aje ta a gabas, dab da bagaruwa, gilashinta yana walƙiya a rana. Ni hankalina yana kan shinkafa, ban kawo komai a raina ba. Suka rarrafo shi da Malam Isa, suka kwanta rub da ciki a kan kunyar ƙarshe, suka kafa madubi. Tsuntsu ya juya musu ƙeya. Ya sosa wuya. Ya rufe ido. Fiffike dai ya ƙi ɗagawa. Su kuma ba wanda ya yarda ya tashe shi, don kowa yana tsoron ya tashi ta inda rana za ta kashe musu ido, a yi asarar zuwa.

Malam Sule ya zo ya tsuguna a ƙarƙashin rumfa yana kallonsu. Ya ce, “Tabawa, waɗannan bayin Allah sujada suke yi ko ciwon ciki ne?”

Na ce, “Baƙo suka yi.”

Ya ce, “Na ji labari. Idan shinkafar nan ta tafi, Baturen zan dafa wa yara? Ko nama babu a jikinsa.”

Na ce, “Ka taɓa ganin na zubar maka da gona?”

Ya ce, “Ban taɓa ganin kin yi shiru haka ba, shi ya ba ni tsoro.”

Bai rufe baki ba na ga bagaruwa ta yi hayaƙi. Garken ya taso, ya fi na safe nesa ba kusa ba. Na kama igiyoyin gabas ina jira. Sai na ga sun zo daidai motar nan, hasken gilashi ya mare su, suka karkata gaba ɗaya kamar an ja zane. Suka yi kudu, suka kewaye fadama, suka faɗo ta bayan tabki, ƙasa ƙasa, suna shafar ruwa. Ta yamma, inda ba ni da komai sai igiya ɗaya.

Na saki na gabas, na naɗe uwar igiya a hannu biyu. Malam Isa ya ji ƙugin fiffike, ya waiwayo, ya ɗaga mini tafin hannu yana roƙo. Na gan shi. Ban ja ba, amma ba don shi ba, lokaci ne bai yi ba. Suka tsallake ruwa, suka tsallake taɓo, suka sunkuyo a kan layin farko na shinkafa, na gaba suka sako ƙafa. Na ja da dukan bayana.

Garwar nan da ta daɗe ba ta yi magana ba ta yi wata irin ƙara, har Malam Sule ya faɗi zaune. Garken ya naɗe sama, ya watse, ya yi arewa. Baƙo kuwa ya yi tsalle daga gindin garwa, ya bi ta kan mutanen nan biyu, rana tana bayansu, ya buɗe fiffike sosai, ya kifa gefe guda kamar mai nuna sabuwar riga. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ni ma na gani, ba da madubi ba, don ta saman rumfata ya wuce. Ya yi ta hawa har ya zama ɗigo, ya miƙe kudu. Ba a sake ganinsa ba.

Na shirya maganganuna tsaf, don na ɗauka faɗa za a yi. Sai na ga Zalɓe ya tashi zaune a cikin taɓo, laka har gemu, ya dubi Malam Isa ya ce, “Baƙi?” Malam Isa ya ce, “Baƙi.” Suka kama hannun juna suna ta girgizawa, suna dariya kamar an yi musu haihuwa. Daga nan Zalɓe ya tako har gindin rumfa, ya cire hula, ya ce, “Uwargida, ban san irin godiyar da zan yi ba.”

Na ce, “Je ka kawar da motarka daga bakin bagaruwa, tana ɓata mini aiki.”

Ya waiga ya dubi motar, ya dubi inda garken ya biyo, kunnuwansa suka yi ja. Ya tafi da sauri a kan dogayen ƙafafun nan. Malam Sule ya ce, “Kin kori janbaki, kin kori baƙo, kin kori Bature. Saura ni.” Na ce ya yi haƙuri, shi sai bayan girbi.

Kada ki rubuta cewa na san abin da zai faru, Hadiza. Ban sani ba. Da tsuntsun ya tashi ta cikin rana sun tashi a banza, da ban fasa ja ba. Shinkafa aka ba ni in tsare. Muka yanke ta a shekarar ba tare da tsuntsu ya ci ko kusurwa ba, kuma da damina ta dawo, duk wanda ya shuka shinkafa a fadamar nan, daga rumbun Malam Sule ya ɗebi iri.

Bayan wani lokaci Malam Isa ya biyo ta gida a kekensa, fuskarsa sai sheƙi. Ya ce an karɓa, mutum biyu sun gani, ba mai sauran gardama. Ya ce duk inda masu kallon tsuntsu suka taru a Kano sai an sa Zalɓe ya ba da labarin.

Na ce, “Yana faɗin yadda aka yi tsuntsun ya tashi?”

Ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce, “Yana faɗa, Iya. Yakan ce suna nan kwance, sai wata hayaniya daga cikin gona ta tashe shi.”

Na ce, “Wata hayaniya.”

Ya ce, “Haka yake cewa.”

To rubuta wannan da kyau, yadda ko a Kano za a iya karantawa: hayaniyar nan sunanta Tabawa, kuma ta san lokacin da ake yin ta. Idan kin sa aya, kira mini mai zancen akuya. Geron bayan gida ya fara nono, igiya tana rataye a jikin rumbu. Gobe da sassafe ya hau, ni zan zauna a gindin tsamiya, ba zan ce masa komai ba.